Taƙaitaccen Tarihin Ƙasar Gaya da Ajingi

 

Mun ga ya kyautu a cikin wannan ɗan littafi mu gabatar wa manyan baƙinmu da 'yan'uwanmu na gida wani abu daga tarihin ƙasar da suka tako yau, watau Gaya da Ajingi. Baƙon da ya taso daga Birnin Kano, ya ƙetare gadar Wudil, ya miƙa gabas har ya cika kimanin mil 40, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya iso ɗaya daga cikin garuruwan bayan birni, waɗanda ke kai wa Kano hatsi da dabbobi da 'yan ƙwadago. Ba mu ce ya yi kuskure ba, gama haka al'amarin yake a yau. Sai dai tsofaffin labaran Hausawa sun ajiye Gaya a wani matsayi dabam, domin sun ce daga nan ne wanda ya ba Kano sunanta ya fito. Yadda aka yi uwa ta koma tana kallon hannun 'yarta, da yadda Ajingi ta girma a gindin Gaya har ta tsaya da ƙafafunta, shi ne abin da muke so mu bi da mai karatu a kai.

Yadda ƙasar take

Gaya tana gabas da Wudil, Ajingi kuwa tana arewa da Gaya. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso Wudil, daga nan su zama kogi ɗaya wanda ake kira Kogin Haɗeja, ya bi arewa maso gabas ta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja. Masana sanin ƙasa sun nuna cewa a wannan yanki ne dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin yammacin Kano yake nutsewa, rairayin kwarin Chadi ya karɓe shi. Abin da ya sa ke nan gonakinmu na tudu jigawa ce, mai sauƙin huɗa, wadda gero da gyaɗa da wake ke so, fadamun bakin kogi kuwa suna ba da shinkafa da rake da kayan lambu da rani. Duk wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, watau jigawa da kogi, ya kuma ƙara da hanyar da ke tafiya gabas, to, ya riƙe mabuɗin tarihin wannan ƙasa.

Maƙeran Gaya

Labarai uku ne na dauri suka ambaci Gaya, kowanne kuwa da hanyar da ya biyo ya iso gare mu.

Na farko shi ne labarin Bayajida, wanda kowane ɗan makaranta ya sani. An ce da ya gudo daga Barno ya bar matarsa a Garun Gabas, watau Biram, sai ya biyo ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya je ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Na biyu shi ne labarin Abagayawa. An ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dutsen Dala, ya zauna tare da mutanensa, har wurin ya ci sunansa. Akwai gidajen maƙera a cikin birni da ke danganta kansu da waɗannan mutane. Na uku yana cikin tsohuwar waƙar nan ta Bagauda, wadda ta nuna Bagauda maharbi ne, mutumin Gaya, wanda ya fara saran daji a inda Kano take.

Lalle waɗannan labarai ne na baka, sun daɗe suna yawo a bakin mutane kafin a rubuta su, ba su kuma yi daidai da juna ba. Littafin Tarihin Kano, alal misali, ya kawo Bagauda ta wata hanya dabam, ya zaunar da shi a Sheme. Amma abin lura shi ne biyu daga cikin ukun sun haɗu a kan ƙarfe, dukansu kuma sun haɗu a kan cewa akwai gari a Gaya tun Kano ba ta zama birni ba. Labarin Daura ba shi da wata bukata ta ɗaukaka Gaya, amma da ya zo neman inda za a ƙera makamin da zai buɗe tarihin Hausa Bakwai, nan ya nufa. Sa'an nan masu haƙa ƙasa don binciken kayan tarihi sun sami wurin narka tama a Dala wanda awo ya nuna ya kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, watau shekaru ɗaruruwa kafin 999, shekarar da aka saba ba Bagauda. Wannan bai tabbatar da sunan mutum ko garin da ya fito ba, amma ya gaskata ƙashin bayan labarin, cewa masu aikin ƙarfe suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dala.

Kada mai karatu ya raina sana'ar. A wancan zamani wanda ya iya fid da ƙarfe daga tama shi ke riƙe da abinci da tsaro gaba ɗaya: fartanya da gatari da lauje daga hannunsa suke fitowa, haka ma mashi da bakin kibiya. Aikin kuwa yana cin gawayi ƙwarai, saboda haka maƙera kan tashi su bi inda tama da itace suka wadata. Ƙaurar maƙeri daga Gaya zuwa Dala ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin sana'ar. Dala da Gwauron Dutse sun ba baƙin tama da wurin fakewa, fadamar Jakara ta ba su ruwa, daga baya Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ginin ganuwa. Tun daga nan ma'auni ya fara rinjaya wajen yamma.

Ƙofar gabas

Littafin Tarihin Kano, wanda aka kammala da Larabci a zamanin Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, kuma Bature H. R. Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908, shi ne babban abin dogaro game da sarakunan Haɓe. Shekarun da muke sa wa sarakunan an lissafo su ne daga tsawon mulkin kowanne, saboda haka kimantawa ce.

A cikinsa an ce a zamanin Sarki Dauda (1421–1438) wani babban basarake na Barno, Dagaci, ya zo Kano da jama'a masu yawa. Wanda ya biyo bayansa, Abdullahi Burja (1438–1452), shi ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. Sai kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) aka ce Agalfati, ɗan Sarkin Macina, ya zo tare da 'yan'uwansa uku. Aka ba shi Gaya, ɗaya daga cikin 'yan'uwan kuma ya sami Haɗeja. Macina tana cikin Jihar Yobe ta yanzu. In aka jera waɗannan labarai uku za a ga abu guda: cikin shekaru kamar 40 hulɗar Kano da Barno ta yi ƙarfi, garuruwan da ke tsakaninsu suka sami daraja, gidan sarautar Gaya kuma ya sami dangantaka da gabas. Gaya ta zama ƙofa, kowa kuwa ya san mai tsaron ƙofa ba a raina shi.

Ta wannan fuska ce kuma ilmi ya riƙa kai da kawowa. Musulunci ya kafu a fadar Kano da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Fulani suka zo da littattafan tauhidi daga Malle a zamanin Yakubu, Shaihu Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Waɗannan duka daga yamma da arewa suke. Amma karatun Alkur'ani da haddarsa da rubuta shi, Hausawa sun daɗe suna neman su a Barno, har kalmar tafiya gabas ta zama ma'anarta tafiya karatu. Haka kuma alhazan da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, gabas suka fuskanta. Gardi da alhaji da falke duk sun sha ruwa a garuruwan wannan yanki.

Farin Dutse da jikansa

A nan ne tarihin ya fi daɗin ji, ya kuma fi ban tausayi. A zamanin Sarkin Kano Dadi (1670–1703) ƙarfin birni ya ragu, domin Kwararrafa sun shigo har cikin ganuwa sun yi ɓarna. Littafin Tarihin Kano ya ce a wannan zamani Sarkin Gaya mai suna Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai wa Sarki haraji ba. Ba a ci shi da yaƙi ba. Lallashinsa aka yi har ya zo ganawa, aka kashe shi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki. Farin Dutse yana da 'ya mai suna Mariyama, wadda ke gidan Dadi, ita ce kuwa ta haifi Muhammadu Sharefa, wanda ya gaji ubansa ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Ke nan jikan wanda aka kashe saboda ƙin biyan haraji shi ya zama mai karɓar harajin ƙasar duka. Littafin ya faɗa a fili cewa a zamanin Sharefa mutanen Gaya sun sami faɗa a ji ƙwarai a cikin Kano. Ya kuma ce a zamaninsa ne kuɗin wuri suka shigo ƙasar Hausa, ya gina wa garuruwa da dama ganuwa, amma bai yabe shi ba wajen tara dukiya: ya lissafa hanyoyi 7 da ya ƙago na karɓar kuɗi, har da harajin Kasuwar Kurmi da na 'yan mata in za su yi aure, ya kira su ƙwace.

Mun tsaya a kan wannan labari ne domin ya nuna irin zaman da ke tsakanin Gaya da Kano. Gaya ta yi kusa da birni ƙwarai, ba ta iya ɓallewa ta zauna da kanta kamar Haɗeja. Ta kuma yi girma da tsufa, ba a iya mai da ita ƙauyen wani hakimi na cikin birni. Sai aka riƙa tafiya da ita ta hanyar aure da sarauta, wani lokaci da lalama, wani lokaci da takobi. Irin wannan matsayi ne Rano da Dutse da Ƙaraye suka riƙe, su ne manyan sarakunan ƙasar Kano masu zama a garuruwansu, ba kamar hakiman da ke zaune a birni suna aika jakadu ba.

Jihadi da ƙarni na 19

Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, a 1804, jama'arsa ta ƙasar Kano ta tashi. A nan gabas Joɓawa ne a gaba, a ƙarƙashin Malam Bakatsine, daga wajen Utai ta ƙasar Wudil, zuriyarsu ce kuma ta riƙe sarautar Makaman Kano daga baya. An karya rundunar Sarki Alwali a Ɗan Yaya a 1807, Malam Sulaimanu ya zama Sarkin Kano na farko a ƙarƙashin tutar Shehu, Malam Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819. Mulki ya sake hannu, amma sarautar Sarkin Gaya ta ci gaba da sunanta da darajarta a cikin sabon tsari.

Zama a bakin ƙofa yana da tsada. A 1826 zuwa 1827 Shehu Laminu na Barno ya shigo gabashin ƙasar Kano da runduna, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi sa'an nan ya koma. A tsakiyar ƙarnin Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya ƙi bin Sakkwato har rasuwarsa a 1863, ya hana gabashin Kano barci. Daga kudu kuma ga Ningawa, masu kawo hari su kwashi mutane da dabbobi su koma cikin duwatsu, abin da ya sa Sarki Abdullahi Maje Karofi ya riƙa fita yana zama a Takai. Manomin wannan zamani yakan tafi gona da kwari da baka, ya kuma tabbata ya koma cikin ganuwa kafin duhu.

Turawa masu yawon buɗe ido sun ratsa ta kusa da mu ta fuska biyu. Kyaftin Clapperton na Ingila ya taso daga Barno ta Katagum, ya biyo ta Garko, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a farkon 1851, ya kimanta mazaunanta da 30,000, ya fita zuwa Kukawa ta Gezawa da Gabasawa da Garki da Gumel. Ɗaya ta kudu da mu, ɗaya ta arewa. Wannan ya nuna hanyar Barno rassa gare ta, ayari kuma yakan zaɓi reshen da ya fi aminci a shekarar.

Mafi munin abin da ya auku shi ne Basasa. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita tare da Yusufu zuwa Takai. Kudu maso gabashin Kano ya zama sansaninsu, kowane gari na wannan yanki ya zama tilas ya zaɓi ɓangare, wutar kuwa ta kai Gaya, aka gwabza a nan. Yusufu ya rasu a 1894 bai shiga Kano ba, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga birni a wannan shekara, aka kashe Tukur a 1895. Rigima ce ta 'yan gida ɗaya a kan gadon sarauta, amma talakawan karkara su suka fi ɗanɗana ta.

Zamanin Turawa

Sojan Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka naɗa Muhammadu Abbas. Cikin 'yan shekaru kaɗan Turawa suka yanka ƙasar gunduma gunduma, suka fitar da hakimai daga birni kowa ya koma cikin gundumarsa. Ga Gaya wannan bai zama baƙon abu ba, tun da sarkinta a gida yake da ma. Abin da ya sake shi ne matsayinsa: ya zama hakimi a ƙarƙashin En'e ta Kano, mai albashi daga baitulmali, aikinsa ya tattara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni ya aika birni. Ajingi da ƙauyukanta suna cikin wannan ƙasa ta Gaya. Da hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga cikin ganuwa suka kafa unguwanni kusa da gonakinsu, daji ya yi ta ja da baya.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Jigawar gabas ta karɓi gyaɗa hannu biyu. Manomi ya sami abin biyan haraji da na sayen tufa, 'yan baranda da dillalan manyan attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka bazu cikin kasuwannin ƙauye, jakuna da raƙuma, daga baya motoci, suka yi ta jigila. Amma dalar gyaɗa a Kano aka tara ta, kamfanoni da bankuna da ma'aikatu a can suka zauna. Da aka ja reshen dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa a 1930, ta Ringim ya bi, ya bar Gaya a kudu. Babbar hanyar ciniki kuma ta juya daga gabas da hamada ta fuskanci teku. A ganinmu wannan juyi ya fi kowane yaƙi rage wa Gaya nauyi, domin ƙofar da take tsaro ta daina zama babbar ƙofar gida.

Duk da haka ƙasar ba ta rasa mazaje ba. Da aka shiga siyasar jam'iyyu, Alhaji Sule Gaya ya zama minista a gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, daga baya kuma aka san shi da sarautar Sarkin Fadan Kano.

Jiha, ƙaramar hukuma, da tasowar Ajingi

An kafa Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko har 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa. A 1975 kuma cutar gyaɗa ta faɗa wa gonaki, ta karya noman da aka dogara da shi shekara 60. Mutanenmu suka koma ga gero da dawa da wake, matasa kuwa suka ƙara yawan tafiya cin rani, wasu Kano, wasu Kurmi. Tiga, da ta Challawa da aka gama a 1992, sun sake halin kogin da ke wucewa ta Ajingi: ruwa ya daina ƙafewa ƙaf da rani kamar da, wannan ya taimaki mai lambu, amma ambaliyar da takan shimfiɗa sabuwar laka a fadama kowace shekara ta ragu, in kuwa madatsun suka cika aka saki ruwa da damina, na bakin kogi su ke kwana a tsaye.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulkin yau da kullum daga hannun En'e, Gaya ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Kano ta wancan lokaci. A shekarar ce kuma aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar bunƙasa noma ta jiha, KNARDA, wadda ta mai da Gaya cibiyar ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa, Dutse da Ringim da Jahun suka tafi, sai muka wayi gari a bakin iyaka kamar yadda kakanninmu suka zauna, sai dai wannan karo iyakar ta takarda ce. Ba a daɗe ba ɗan Gaya, Alhaji Kabiru Ibrahim Gaya, ya zama Gwamnan Kano daga Janairu 1992 zuwa Nuwamba 1993, daga baya ya wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023.

A cikin shekarun 1990 ne aka cire Ajingi daga Gaya ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, zuwa 1996 kuma ƙananan hukumomin Kano suka cika 44. Abin da Kano ta yi wa Gaya a cikin ƙarnuka, na tasowa a gindinta ta kafa nata gida, shi Ajingi ta yi cikin lumana, da takardar gwamnati. Mazaɓunta 10 ne: Ajingi, Balare, Chula, Dabin Kanawa, Dundun, Gafasa, Gurduba, Kunkurawa, Toranke da Unguwar Bai. Gaya ma 10 gare ta: Gaya Arewa, Gaya Kudu, Balan, Gamarya, Gamoji, Kademi, Kazurawa, Maimakawa, Shagogo da Wudilawa. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum fiye da 200,000, Ajingi fiye da 170,000, ga shi kuwa Ajingi ta fi Gaya faɗin ƙasa. In aka tuna Barth ya kimanta Birnin Kano kansa da 30,000, za a gane irin yawan bakin da jigawar nan ke ciyarwa yanzu, da dalilin da ya sa gonar gado ke ƙara ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba ta. Rabuwar ta kawo wa Ajingi sakatariya da ma'aikata da kason kuɗi nata, amma ba ta raba zumunci ba: auratayya ɗaya ce, kasuwanni ɗaya, kuma tare da Albasu kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Sarautar da ake ɗagawa ana saukewa

Tsohuwar tambayar nan ta zamanin Farin Dutse, watau mene ne matsayin Gaya a gaban Kano, ba ta mutu ba, tufafi kawai ta sake. A 1981 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya ɗaga Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo suka zama masarautu masu cin gashin kansu. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi masu daraja ta ɗaya. Kotu ta rushe dokar a Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a Disamba. Alhaji Ibrahim Abdulƙadir ya riƙe sandar har Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumba na 2021, Allah ya ji ƙansa, ɗansa Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulƙadir ya gaje shi. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta soke masarautun, a watan Yuli na shekarar kuma aka yi wata wadda ta mai da Gaya da Rano da Ƙaraye masarautu masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Kano. Aka ba ta Gaya ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, aka kuma mai da Alhaji Aliyu kan gadonsa.

Ba wurin shiga gardamar jam'iyyu ba ne nan, kowane ɓangare kuwa yana da hujjarsa: masu son a raba suna cewa hakan ke jawo asibiti da hanya da makaranta zuwa karkara, masu son a haɗe suna cewa kwarjinin Kano a dunƙule yake. Abin da za mu iya faɗa shi ne, cikin shekara 43 an taɓa matsayin gidan nan sau da dama, kowane karo kuma a birni aka yanke shawara, mutanen Kademi da Toranke a rediyo suka ji. Sarautar da aka ambata tun zamanin Sarki Yakubu ta cancanci a bar ta ta zauna wuri ɗaya.

A halin yanzu titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil da Gaya zuwa Shuwarin, inda ya rabu zuwa Dutse da Azare da Maiduguri, ya mai da mu kan hanyar gabas kamar da, sai dai motar da ke bin sa ba ta kwana a zango. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ta kawo karatu mai zurfi kusa da gida. Da asuba motoci kan cika da masu tafiya birni, ɗan kasuwa da magini da ɗalibi da mai jinya, da yamma su komo. Da kaka kuma buhunan gero da wake da riɗi su bi bayansu, ta hanyar da aka ce maƙerin nan ya bi sa'ad da ya tafi neman tama.